Larduna nawa zan yanka a taswirar? Amsa ga mai son gyara Europa Universalis IV

Ga tambayar a taƙaice. Wani ɗan'uwa ya daɗe yana buga Europa Universalis IV, wasan kwamfuta da mutum ke mulkin wata ƙasa a kan taswirar duniya, yawanci da Kano ko Katsina. Ya lura an yayyanka ƙasar Jamus da Italiya ƙanana-ƙanana, alhali namu lardunan faffaɗa ne, 'yan kaɗan. Yana so ya yi nasa gyaran, abin da 'yan wasa ke kira mod, ya ƙara larduna a ƙasar Hausa da Borno, ya kuma ƙara maɓallan da za su nuna hanyoyin fatake da garuruwa masu ganuwa. Larduna nawa ya kamata ya yanka, kuma ina zai jera sababbin maɓallan?

Malam, na ji daɗin wannan tambaya, domin na shafe shekaru ina wannan aikin na zanen taswirar wasa da tsara allonsa. Kafin ka ƙirga larduna, ka tambayi kanka: a wannan wurin da nake son ja layi, wace shawara ɗan wasa zai yanke wadda da ba zai yanke ba? In akwai amsa, ja layin. In babu, ƙarin danne-danne kawai ka ɗora masa. Sauran bayanina duk daga nan ya tsiro.

Bari in fara da yadda wasan ke ganin taswira, don yawancin masu farawa a nan suke tuntuɓe. Taswirar da kake gani mai duwatsu da koguna da sunayen ƙasashe a lanƙwashe, kwalliya ce aka shimfiɗa a kai. A ƙarƙashinta akwai hoto guda mai suna provinces.bmp, faɗinsa ɗigo 5632, tsayinsa 2048. A cikin hoton nan kowane lardi launinsa daban, babu biyu da suka yi tarayya ko da kuwa ɗaya yana Sin ɗaya yana Fotugal. Sai wani fayil, definition.csv, da ya jera lambar kowane lardi tare da adadin ja da kore da shuɗi da suka haɗu suka ba da launinsa. Injin wasan, wato manhajar da kamfanin Paradox ya gina wasan a kanta, wanda suka sa wa suna Clausewitz, yakan karanta hoton ɗigo-ɗigo: duk ɗigon da ke da wannan launi na lardi kaza ne, duk launuka biyun da suka taɓa juna maƙwabta ne, runduna na iya tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Koguna hotonsu daban, tudu da kwari nasu daban, mashigin teku kuma da hannu ake rubuta shi a adjacencies.csv. Inda hoton birni zai tsaya, da inda soja zai tsaya, da inda suna zai kwanta, waɗannan suna cikin positions.txt.

Ka kiyayi abu ɗaya a nan. Manhajojin zane sukan sassauta gefen layi don ya yi kyau a ido, su cakuɗa launuka biyu a bakin iyaka. Wannan sassaucin guba ne ga taswirar wasa. Na taɓa kwana ina neman dalilin da ya sa wasa ke mutuwa da zarar ya fara buɗewa, na bi fayiloli ɗaya bayan ɗaya ban ga komai ba. Da asuba na faɗaɗa hoton har kowane ɗigo ya zama kamar tubali, sai ga ɗigo uku a gaɓar tafkin Chadi, launinsu bai yi daidai da na ruwa ba, bai yi daidai da na tudu ba. Injin ya ɗauke su lardin da ba shi da suna a rajista. Ka yi zane da alƙalami mai kaifin baki, ka kashe duk wani sassauci, kuma kada ka bar larduna huɗu su haɗu a kan ɗigo guda kamar mararraba.

Yanzu lissafi. Kewayen duniya ta tsakiyarta kilomita 40,000 ne da 'yan kai, taswirar kuma ta zagaye duniyar ne da ɗigo 5632. Ke nan a yankinmu ɗigo ɗaya na ɗauke da kusan kilomita 7. Daga Kano zuwa Katsina a miƙe kimanin kilomita 150 ne, wato ɗigo 20 da ɗoriya. Rano ba ta kai ɗigo 10 daga birnin Kano ba. In ka ce sai Rano da Gaya da Ƙaraye da Dutse da Birnin Kudu kowace ta samu lardinta, za ka ƙare da 'yan gutsattsarin da hoton soja guda zai rufe su ruf, sunansu ba zai karantu ba, linzamin kwamfuta ma sai an yi saiti kafin ya faɗa a kansu. Wanda ya taɓa yaƙi a tsakiyar daular Rum Mai Tsarki, wato yankin Jamus, a wasan nan ya san wahalar: kana son tura runduna birnin Ulm, hannunka ya ɗan goce, ta nufi maƙwabciya.

Ban ce ƙorafinka ba shi da tushe ba. Yana da shi. Wasan ya fito a watan Agusta na 2013, kuma Afirka ta Yamma a lokacin kusan fili ce da 'yan ƙasashe jefi-jefi. Sai a 2014, da gyaran da kamfanin ya fitar tare da ƙarin wasa mai suna Art of War, aka ƙara ɗaruruwan larduna a wajen Turai, yankinmu ya cika da masarautu. A 2021 kuma wani ƙarin, Origins, ya sake waiwayar Afirka kudu da Sahara. Yau lardunan tudu sun haura 3,000, amma har yanzu rabon bai yi daidai ba, kuma a wasan nan yawan larduna ƙarfi ne: kowane lardi gurbin gini ne, wurin tara haraji ne, wurin ɗibar mayaƙa ne, kuma tsaiko ne ga abokin gaba. Ƙasa mai larduna 3 in ta sha kashi sau ɗaya ta tafi. Mai larduna 12 tana da inda za ta ja da baya ta sake shiri. Wanda ya zana taswira ya riga ya raba arziki da tsawon rai tun kafin agogo ya motsa daga 11 ga Nuwamba 1444.

To ina layi ya cancanta? Ka duba abin da dokokin wasan ke yi da ƙasa. Mai kai hari a kan dutse yana rasa maki 2 a ƙuri'ar yaƙi, mai tsallake kogi yana rasa 1. Kowane lardi yana da iyakar yawan mayaƙan da zai iya ciyarwa, in sun haura su fara mutuwa. Saboda haka layi mai amfani shi ne wanda ya bi kogi, ko gindin dutse, ko bakin daji, ko wurin da kayan kasuwa suka sauya. Dajin Rubu da Gundumi da suka raba masarautu, duwatsun Ningi, fadamar gulbin Kebbi, tsaunukan Abzin, kogin Yobe: a waɗannan wurare sarki na gaske sai ya tsaya ya yi tunani kafin ya tura dawakai, don haka ɗan wasa ma ya kamata ya tsaya. Amma raba fili guda mai ƙasa iri ɗaya, amfanin gona iri ɗaya, mutane iri ɗaya gida uku don kawai a samu sunaye uku, wannan ba ya haifar da komai sai gajiya.

Sahara ma darasi ce. Waɗanda suka ƙera wasan sun toshe mafi yawanta, sun mai da ita wurin da ba a shiga, suka bar 'yan siraran hanyoyi. Wasu na ganin ragwanci ne. Ni ina ganin yana cikin shawarwari mafi kyau a taswirar baki ɗaya, domin ayari bai taɓa ratsa hamada ta duk inda ya ga dama ba, rijiya yake bi. Da toshewar nan aka mai da Agadas da Bilma da Fezzan ƙofofi, kuma ƙofa abar tsarewa ce. In za ka taɓa arewa, ka ƙara wa hanyoyin nan ma'ana, kada ka buɗe hamadar.

Akwai wata matsala da ta fi adadi zurfi, ita ce ta fi damuna a matsayina na mai zane. Taswirar wasan tana cewa kowane taƙi na ƙasa mai shi ɗaya ne, addininsa ɗaya, al'adarsa ɗaya, kuma iko a bakin iyaka daidai yake da iko a ƙofar fada. Ko a Turai ta 1444 ba haka abin yake ba, balle a nan. Ikon sarki yana da kauri a birni da kewayensa, yana sirancewa yayin da kake nisa, har ka isa dajin da ba na kowa ba. Wani gari yana kai gaisuwa ga sarakuna biyu. A ƙasar Kano Musulmi da Maguzawa sun zauna ƙauye da ƙauye ƙarni bayan ƙarni, amma lardi a wasan launi ɗaya kawai yake iya ɗauka. Ko bayan jihadin 1804 da faɗuwar Alƙalawa a 1808, daular Sakkwato ba shimfiɗaɗɗen launi guda ba ce: Maraɗi da Tsibiri da Argungu da Abuja ta da (Suleja a yau) suna nan a gefenta da cikinta ba su miƙa wuya ba. Layi mai kaifi irin wanda ke taswirar makaranta ya iso mana ne da yarjejeniyoyin Ingila da Faransa, tun daga layin Say zuwa Barruwa na 1890.

Ba za ka iya kawar da wannan ƙaryar gaba ɗaya ba, domin injin a kanta aka gina shi. Abin da za ka iya shi ne ka rage ta da kayan da ke hannunka. Wasan yana da ma'aunin cin gashin kan lardi: ka ɗaga shi a lardunan nesa da birni, harajinsu da mayaƙansu su ragu. Yana da tsarin ƙasashe masu biyan gandu da masu bin wani sarki: ka yi amfani da su maimakon shafe ƙananan masarautu da launin babba. Kana iya barin dazuzzukan tsakani babu mai su. Sauran wasannin kamfanin sun gwada wasu hanyoyin da ya kamata ka leƙa. Crusader Kings III na 2020 ya jera sarauta hawa-hawa, in ka danna babbar daula sai ta tsage ka ga hakimanta kowa da yankinsa, kuma a cikinsa ne za ka iya farawa da Daurama a shekarar 867. Victoria 3 na 2022, mai farawa a 1836 da Sakkwato a taswira, ya ajiye mutane rukuni-rukuni a cikin jiha ɗaya, kowane rukuni da addininsa da al'adarsa, har ana iya ganin cakuɗuwar.

Mu koma kan maɓallai. Taswira ɗaya ce amma tana da riguna da yawa, kowace da maɓallin da ke nuna ta: ta siyasa, ta yanayin ƙasa, ta kasuwanci, ta addini, ta al'ada, ta diflomasiyya, da wasu da dama. Riga mai kyau tambaya ɗaya take amsawa, cikin ƙiftawar ido. Dubi ta diflomasiyya: ka danna ƙasa, nan take ka ga abokan ƙawancenta da waɗanda take yaƙi da su, da ratsi-ratsi a kan lardunan da take da'awa. Ko ka dubi ratsin da ke hawa kan lardin da aka mamaye a rigar siyasa, launin mai shi a ƙasa, na wanda ya mamaye a sama. Bayani biyu a wuri ɗaya, babu harafi ko ɗaya. Wannan ƙwarewa ce ta gaske.

Rigar kasuwanci kuwa ta nuna yadda zane ke ɗauke da ra'ayi. Kibiyoyinta gaba ɗaya suke tafiya, ba sa juyawa, kuma duk dukiyar duniya tana gangarawa ne ta ƙare a wurare uku: mashigin Ingila, Genoa da Venice. Akwai cibiyar ciniki a Katsina, akwai a Timbuktu, amma an zana su a matsayin wuraren da dukiya ke fita. Mai buga Kano yana jin wannan a aljihunsa. In da gaske kana son hanyoyin fatake, gyara waɗannan cibiyoyi da kibiyoyi ya fi ƙirƙiro sabuwar riga tasiri, hanyar goro daga Gwanja da hanyar gishiri daga Bilma su shiga lissafin kuɗi. Ka dai kula kada kibiyoyin su yi zobe su dawo inda suka fito, tsarin bai yarda da haka ba.

Shawarata a nan mai tsauri ce: kada ka ƙara maɓalli sai ka rasa inda za ka saka bayanin a cikin abin da ɗan wasa ke kallo dama. Duk bayanin da sai an sauya riga kafin a gan shi, yawancin mutane ba za su taɓa ganinsa ba. Ga misalin da ya koya mini haka. A 2015, da gyaran da kamfanin ya fitar tare da ƙarin Common Sense, ganuwa ta samu hurumi: runduna ba ta ratsa lardunan da ke kewaye da ganuwar abokin gaba yadda ta so sai an ci ganuwar. Doka ce mai kyau, ta sa yaƙi ya yi kama da yaƙi. Na zaunar da wani ƙanena da bai taɓa wasan ba, na ba shi runduna, na koma gefe na yi shiru. Ya danna lardin da ke gabansa, kibiya ba ta fito ba. Ya sake dannawa. Ya ɗaga linzamin ya duba ƙasansa, ya goge shi a wandonsa, ya sake gwadawa. Sannan ya juyo ya ce, "Yaya, abin nan ya lalace ne?" Babu abin da ya lalace. Doka ce ke aiki a ɓoye, bayaninta kuma yana cikin wata rigar da bai san da ita ba. Alhali rundunar abokin gaba tana wucewa ta gabansa, domin hurumin nata ne. A idonsa, kwamfuta ce ke maguɗi.

Tun ranar na riƙe ƙa'ida: duk dokar da za ta hana ɗan wasa abin da ya yi niyya, dole ta bayyana a wurin da ya danna, a lokacin da ya danna. In za ka cika ƙasar Hausa da birane masu ganuwa, kuma tarihi ya ba ka dama, ka sani kowace ganuwa da ka dasa tana jefa hurumi a kan maƙwabtanta. Larduna ƙanana da ganuwa da yawa suna haifar da taswirar da runduna ba ta iya motsi a cikinta. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ganuwa ɗaya a babban birnin kowace masarauta, sai ɗaya ko biyu a mashigai, sun wadatar.

Launi kuma kada ka raina shi. Masana lissafi sun tabbatar a 1976 cewa launi 4 sun isa a shafa kowace taswira ba tare da maƙwabta sun yi kama ba, amma wannan bai taimake mu ba, saboda a wasa iyakoki suna tafiya, wanda ke nesa yau maƙwabci ne gobe. Ga shi launi ya zama suna: Faransa shuɗiya, Ingila ja, Usmaniyyar Turkiyya kore, Ostiriya fara. Idan ka ƙara masarautu 10 a wuri ɗaya, ka bambanta su da haske da duhu, kada ka dogara da ja da kore kaɗai, domin akwai maza da yawa da idonsu ba ya raba waɗannan biyun. Gwajin mai sauƙi ne. Ɗauki hoton allon, mai da shi baƙi da fari, ka ga ko har yanzu kana gane Kano daga Zazzau.

Game da rubutaccen bayani, abin koyi shi ne akwatunan Crusader Kings III. Ka ɗora linzami a kan kalma, akwati ya buɗe. A cikin akwatin akwai wata kalmar da ba ka gane ba, ka ɗora a kanta, wani ya buɗe. Sabon shiga yana tona har ƙasa, tsohon hannu yana wucewa abinsa. Europa Universalis IV ba shi da wannan, don haka akwatinka ɗaya ne, ka yi tattalinsa. Layin farko ya faɗi sakamako, na biyu ya faɗi dalili, tarihin garin ya zo daga ƙarshe ga mai so. Haka tutocin gargaɗi da ke jeruwa a saman allo: ja na nufin tashi yanzu. In ka sa komai ya zama ja, ɗan wasa zai daina kallonsu, ranar da tawaye na gaske ya taso ba zai gani ba.

Abu biyu da suka shafe mu kai tsaye. Na farko, haruffan wasan na asali ba su da ƙ da ɗ da ɓ. In ka rubuta Ƙaraye ko Haɗeja yadda suke, za ka ga gurbi ko wata alama a madadin harafin, sai dai ka gyara fayilolin haruffan da kanka, kuma aiki ne mai cin lokaci. Ka yanke shawara tun farko, don kada ka rubuta sunaye 200 sannan ka dawo gyara. Na biyu, da yawa daga masu buga gyaran naka a ƙaramar kwamfutar cinya za su buga, mai allon 1366 da 768. A irin wannan allo, in tagar lardi ta buɗe a hagu, jerin runduna yana dama, tutoci suna sama, taswirar da ta rage ba ta fi tafin hannu biyu ba. A kan irin wannan allon za ka yi gwaji, ko da kana da babba.

Kana son lamba, to ga tawa, kuma ra'ayina ne daga abin da na gwada. Kada lardi ya gaza ɗigo 10 zuwa 12 a kowane ɓangare. Babbar masarauta kamar Kano ko Katsina ta samu larduna 4 zuwa 6, ƙananan su samu 1 ko 2. In ka ƙara larduna, ka raba arzikin da ke akwai a tsakaninsu, ka ɗan ƙara kaɗan inda tarihi ya goyi baya, in ba haka ba Songhai da Borno za su zama abin haɗiya cikin shekara 20, ko kuma su haɗiye kowa. Wasannin da suka yanka ƙasa fiye da haka sun biya farashi: Imperator: Rome ya zo da yankuna kusan 7,000, Hearts of Iron IV yana da sama da 10,000, kuma dukansu sai da suka ɗaure ƙananan cikin manyan rukunai, na biyun har ya ba ɗan wasa alƙalamin ja layin fagen daga don kada ya tura kowace bataliya da hannu. Kai ba ka da irin wannan alƙalami a wasan da kake gyarawa.

Ka fara da masarauta ɗaya tak. Buga taswirar yankin a takarda, ka ja layukan da fensir, a gefen kowane layi ka rubuta shawarar da ya haifar: nan kogi ne, nan ƙofar hamada ce, nan rini ake yi, can ƙarfe ake haƙa. Layin da ka kasa rubuta masa komai, goge shi. Sannan ka shigar da su, ka buɗe wasan a matsayin ɗan kallo, ka bar kwamfuta ta buga shekara 100 ita kaɗai sau uku ko huɗu, kana lura da inda runduna ke maƙalewa da wanda ke cinye wa. Bayan nan ka nemo wanda bai taɓa ganin aikin ba, ka ba shi kujera, ka ce ya ci Zazzau da yaƙi. Ka zauna a bayansa da takarda, kada ka ce uffan ko ya tambaye ka, ka rubuta duk wurin da linzaminsa ya tsaya yana yawo. In ka gama da Kano a haka, turo mini hoton provinces.bmp ɗin da abin da ka rubuta, mu duba tare kafin ka shiga Katsina.